Daddawar Inna a Madina

Tun da na dawo daga aikin Hajji ba a bar ni na huta ba. Mace za ta shigo sayen daddawa, maimakon ta karɓa ta tafi sai ta gyara zama a gefen turmi ta ce, "Hajiya Tabawa, wai da gaske kin ga Dije? Yaya take? Yaushe za ta zo?" In ba wa wannan kan labarin, in ba wa waccan wutsiyarsa, har ya fara dawo mini da ƙafafun da ba ni na sa masa ba. Ran nan a gidan suna na ji ana cewa wai dambe muka yi da yayata a Madina sai da aka raba mu. Shi ya sa na zaunar da ɗana Salisu, tunda malamin makaranta ne kuma da shi aka yi tafiyar, na ce ya rubuta yadda zan faɗa, kada ya gyara mini baki.

Ga wanda bai san mu ba, mu gidan daddawa ne, a wani ƙauye kudu da Malumfashi inda ɗorawa ta fi gidaje yawa. Kakata ta yi, Inna ta yi, ni ma a bakin tukunyar kalwa na yi wayo. Yaya Dije ita ce 'yar farin Inna. Ina 'yar shekara bakwai ko takwas ta bar gida, ita da mijinta Malam Idi, a ƙasa, da jaki ɗaya, da niyyar Hajji. Sun yi shekaru a Sudan suna tsinkar auduga kafin su sami kuɗin haye teku. Daga nan sai dai labari a bakin alhazai: tana Madina, ta haihu, mijin ya rasu, ta zama 'yar ƙasa. Haka aka kwashe kusan shekara arba'in.

Inna ba ta kiran sunan Yaya, kun san kunyar ɗan fari. "Waccan ta Gabas" take cewa, shi ma sai ta kama dole. Ban taɓa jin ta tambayi wani alhaji labarinta ba. Amma duk ran da alhaji ya zo gaishe da mutan gida, a ranar ne za ta tuna bakin zaure yana son shara.

Da Allah ya nufa na biya mana kujera ni da Salisu, lokacin Naira tana da daraja, sai Inna ta ce a fito da ita tsakar gida. Ta yi shekaru ba ta taɓa aikin daddawa ba saboda gwiwa, idonta ma ya fara tafiya. Ita ta zaɓi kalwar da hannunta, ta ɗorawar bayan tsohuwar gonarmu. Ta zauna kan tabarma tana ba ni umarni kamar yau na fara: ƙara wuta, rage toka, wannan wankin bai fita ba. Da aka rufe ta a kwando ta nuna, ita ta riƙa ɗaga tsumman tana shinshinawa, ita kuma ta mammatsa ta da tafinta aka shanya. Ban taɓa yin daddawa mai kyan wannan ba, kuma ba yabon kai ba ne, don ba ni na yi ba.

Ran da za mu tashi ta miƙo mini ƙullin ba ta dube ni ba. Ta ce, "Ki kai wa waccan. Ki yi mata miyar kuka da ita. In ta ci, ba sai kin roƙe ta ba."

Na gane aikena. Ni dai Hajji zan je, amma har da ɗauko Yaya ta zo Inna ta gan ta, ko da wata ɗaya ne, tun idon bai rufe ba.

Na zuba daddawar a gwangwanayen madara, na naɗe da leda, na tura ƙasan akwatin ƙarfe. Duk da haka a sansanin alhazai na Kano, inda muka yi kwanaki muna jiran jirgi muna ciyar da sauro, wata Hajiya mai zoben zinariya a kowane yatsa ta riƙa toshe hanci tana cewa wani abu ya mutu a ɗakin nan. Na ce mata, "Baiwar Allah, abin da ya mutun shi ya raine ki." Ba ta ƙara yi mini magana ba har muka shiga jirgi, inda Allah ya haɗa mu kujera ɗaya. Da jirgin ya yi wata girgiza sai ga ta riƙe da hannuna tana salati, zobban nan suna huda mini yatsu. Kafin mu sauka mun zama ƙawaye.

A Jidda aka jera akwatuna ana bincike. Ana ta ƙwace goro a hannun mutane, wani tsoho har da hawayensa. Da aka zo kaina, jami'in ya ɓalle murfin gwangwani ɗaya ya kai hanci. Wallahi sai da ya ja da baya kamar an mare shi. Ya kira wani, wani ya kira wani, suka kewaye akwatina suna ta magana da ƙarfi. Salisu ya matso zai yi bayani da Larabcinsa na littafi, suka dube shi kamar mai karanta huɗuba. Sai na ga ɗayan ya jawo kwandon da suke zuba kayan da aka ƙwace. Na ɗora hannu biyu a kan gwangwanayen na ce sai dai a haɗa da ni.

Sai ga wani jami'i baƙi dogo ya ratso su. Ya ɗauki guda ya shinshina, ya yi ɗan murmushi, ya ce da wata Hausa mai tsallen kwaɗo, "Hajiya, daudawa?" Na ce ita ce, ɗan albarka. Ya ce kakarsa ma tana sa wa miya. Ya yi musu bayani, suka watse suna fifita hanci. Kafin in rufe akwati ya yi ƙasa da murya ya ce ko zan ba shi ɗaya ya kai wa tsohuwar. Na ba shi biyu.

Madina aka fara kai mu. Motar doguwa ce, hanyar ta fi ta tsawo, zafi kuwa har ta ƙasan kujera yake taso wa mutum. Aka tsaya a wata rumfa ta bakin hanya, aka kawo faranti ƙato na shinkafa da soyayyen kifi. Muka zauna muna jiran miya. Muka jira, muka jira, har direba ya fara danna ham. Ashe su haka suke ci, gaya, su kora da shayi. Na ce a raina, a ƙasar nan Yaya ta yi shekara arba'in? Lallai aikina zai yi sauƙi.

Ba zan iya faɗin abin da na ji ba ranar da na tsaya gaban kabarin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Duk addu'ar da na haddace ta gudu, kuka kawai na yi. Wanda ya je ya sani.

An sauke mu a wani gida, mata cike da ɗaki, kowa da katifarta da rigimarta a kan famfo. Washegari da hantsi na ji wani yana kiran sunan ƙauyenmu a bakin ƙofa, yana karya shi gida biyu. Na leƙo na ga mutum cikin farar jallabiya da fuskar babanmu sak, har guntun haƙorin gaba. Hamza ne, ɗan Yaya, direban tasi. Na ce, "Kai ne na Dije?" Ya ce, "Aiwa, ya khala," wato i, ƙanwar mahaifiyata, ya sumbaci goshina. Duk abin da na faɗa yana ji, amma amsa sai da Larabci.

Ya kai mu unguwarsu, Harra ta Yamma. Duwatsu ne baƙaƙe ko'ina kamar an yi gobara an share, gidaje a tsakaninsu. Muna shiga na ga wata tsohuwa 'yar gajera tsaye cikin baƙin mayafi, ɗakin na ƙamshin turaren wuta. Ni a kaina Yaya doguwa ce, don ta tafi ta bar ni ina kallonta daga ƙasa. Na zube zan durƙusa in gaishe ta, ta cafko ni ta ce, "La, la, a nan ba a durƙusa wa mutum." Ta rungume ni, ta sumbace ni kunci dama da hagu, ta riƙe fuskata tana dubawa. Ta ce, "Auta, ke ce kika tsufa haka?" Na ce, "Yaya, ai na same ki a hanya."

Hausarta irin ta da ce, wadda rabona da ji tun rasuwar kakarmu, sai kuma ta yanka ta shiga Larabci ba sallama. Ta tambayi Malam Na-Allah, na ce ya rasu. Ta tambayi Gambo mai kitso, na ce ta rasu. Ta tambayi rijiyar gindin tsamiya, na ce an cike ta an gina aji a wurin. Sai da ta ƙare matattu da rayayyu sannan ta dubi ƙasa ta ce, "Tsohuwa fa?" Na ce tana nan, sai dai gwiwa da ido. Ta ce alhamdu lillahi, ta tashi wai za ta duba shayi, alhali surukarta Su'ad ta riga ta kawo shi.

Yaya ta hana ni komawa masauki. Da safe wake ne dafaffe da aka dame da mai, da wani faffaɗan burodi mai zafi. Baƙo kuma gahawa ake ba shi a ɗan kofi kamar na wasan yara, mai ɗaci, ba sukari. Ina shanyewa a ƙara, ina shanyewa a ƙara, ni kuma kunya ta hana ni cewa ya isa, har zuciyata ta fara bugawa. Sai da Su'ad ta ƙyalƙyale da dariya ta nuna mini yadda ake girgiza kofin in an ƙoshi. A gida in ka ƙoshi sai ka ce ka ƙoshi.

Wata rana Hamza ya kai mu Awali, wajen gonakin dabino masu katanga, inda Malam Idi ya yi aikin ban ruwa har ya rasu. Mai gonar, wani Balarabe tsoho, yana ganin Yaya ya sa aka kawo dabino kala-kala a faranti. Ta rufe ido ta riƙa ɗauka, ta ce wannan ya sha ruwa da yawa, wannan an yi saurin sauke shi, wannan na bishiyoyin bakin katanga ne. Tsohon yana ta gyaɗa kai. Hamza ya nuna harshensa ya nuna uwarsa, ya ɗaga yatsa ɗaya sama. Na ji daɗi, na ce harshen gidanmu ne.

A inuwar dabinon nan na fara yi mata maganar gida. Na ce Inna na son ganinta, ko ba ta faɗa ba. Ta ce, "Auta, mutane na sayar da gonakinsu su zo su mutu a garin nan. Malam yana maƙabartar Baƙi'a kwance. Ni in kwashe ƙafa in tafi, ajali ya riske ni a can?" Na ce ai wata ɗaya ne. Ta ce ajali bai san wata ɗaya ba. Na bar zancen a nan, don ina da abin da ban fito da shi ba tukuna.

To, akwai wata al'ada da na tarar a unguwar. Lokacin Hajji ne kayan miyar gida ke shigowa, kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji da daddawa, kuma matan da ke sayarwa ba sa sa kuɗi sai Yaya ta ɗanɗana. Hannu ɗaya ke yin miyar, a ƙananan tukwane iri ɗaya, ba nama, gishiri daidai wa daida, daddawar ce kawai ta bambanta. Ba a gaya mata ta wane ce a wace tukunya. Wadda ta ce ita ce awwal, wato ta ɗaya, kafin sati ta ƙare, har daga unguwar Khalidiyya ake aiko yara saye. Wadda ta sa a ƙarshe kuwa sai dai mai ita ta ci abarta.

Da na ji haka sai wata dabara ta zo mini. Na ce me zai sa in miƙa mata daddawar Inna a ɗaki kamar sadaka? Bari in sa ta cikin gasa, ta ɗanɗana a gaban jama'a ba ta sani ba, ta ce wannan ta gidanmu ce. Daga nan in ga bakin da za ta ce ba za ta je ba. Salisu ya ce, "Iya, Inna cewa ta yi ki yi mata miya, ba ta ce ki kai ta kasuwa ba." Na ce da shi ran da aka fara gasar alli da allo zan nemi shawararsa. Na haɗa baki da Su'ad, don ita ke dafawa.

Ranar, bayan azahar, mata suka cika falon. Masu kaya biyu ne ban da ni. Akwai Hajja Zara, mutuniyar Abeshe ta Chadi, mai jiki da fara'a, wadda kayanta ke zuwa ta mota ta ratsa Chadi da Sudan sannan a sa su a jirgin ruwa. Akwai kuma Maimuna, haihuwar Sudan, mai daddawar batso, wadda ake yi da 'ya'yan yakuwa. Na shiga kicin na ce Zara ta ba ni tata in gani. Ina karyawa na san tarihinta. Ta sha danshin damina ta bushe, ta sake sha ta sake bushewa. Warin buhu ya shige ta, da na man mota, ga ɗaci a ƙarshe, ga hudar ƙwari. A gida ko kyauta na ba mace wannan sai ta zage ni a hanya. Na mayar mata na ce ma sha Allahu, ina dariya a ciki.

Aka jera tukwane uku gaban Yaya, da kofin ruwa da ɗan tuwo. Ta yi bismilla, ta ɗebi ta farko a cokali, ta shinshina, ta sa a baki ta rufe ido tana juya ta. Ta kurkure baki, ta ci loma ɗaya ta tuwo gaya, ta koma ta biyu. Falon tsit, sai ƙarar fanka. Ni tun daga inda nake zaune hancina ya gaya mini tawa ce ta tsakiya. Na zuba wa fuskar Yaya ido ina jira. Ta ɗanɗana, ta ɗan taɓe baki, ta wuce.

Da ta gama ta goge baki ta nuna ta ƙarshe. Ta ce, "Wannan ita ce daddawa. Awwal. Tana da nauyi, tana kama maƙogwaro. Ta garinmu ce sak, kamar daga hannun tsohuwarmu ta fito." Zara ta yi guɗa 'yar ƙarama. Yaya ta nuna ta farko ta ce, "Wannan batso ce, ba ta ɓoye kanta ba, ta yi ta biyu." Sannan ta tura ta tsakiya gefe da bayan cokali. "Wannan ta jirgin sama ce, irin wadda alhazan yanzu ke zuwa da ita. Ɗanya ce, ba ta da baya. Mutanen gida sun lalace da gaggawa. Wadda ta yi wannan ba ta zauna gaban manya ta koya ba."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Yaya, wadda ta yi ta ita ta haife ki."

Da na tsaya nan da ya isa, amma kun san bakina. Na ce tsohuwa mai ciwon gwiwa aka fito da ita rana ta zaɓi kalwar nan ɗaya bayan ɗaya. Na ce mai ɗanɗanawa cokali ɗaya take sawa a baki ta yanke hukunci, ba ta san hayaƙin da ya shiga idon mai yi ba. Na ce abin da kuke kira awwal a nan, a gida juji muke kai shi. Zara, Allah ya ba ta haƙuri, ba ta yi fushi ba. Cewa ta yi, "Hajiya, kayana wata da watanni suke yi a hanya, kuma haka mutanen nan suke so. Ni me zan yi?" Matan suka fara neman takalmansu ɗaya bayan ɗaya. Iyakar damben ke nan, masu cewa an raba mu.

Da falon ya watse Yaya ta tashi ta yi la'asar, ta dawo ta zauna inda take. Ta jawo tukunyar tsakiyar, ta sa Su'ad ta ƙaro tuwo. Ta riƙa ci a hankali, kowace loma sai ta riƙe ta a baki ta daɗe. Ni ina gefe, fushin ya sauka, kunya ta hau. Ta cinye tas, ta sa yatsa ta suɗe tukunyar. Sai na ga hawaye yana bin kuncinta.

Ta ce, "Auta, ina nemanta a ciki, ban same ta ba."

Na matsa kusa. Ta ce ran da za su bar gida Inna ta ba ta ƙullin daddawa, ita ma ba ta dube ta ba. Ta ce, "Na ƙi ci. Sai kewa ta ishe ni nake gutsurar kaɗan in sa a miya. Damina ta same mu a Chadi, ruwa ya jiƙa kayanmu, na shanya ta a kan dutse. Ta zauna a buhu ɗaya da igiyar jaki. Gutsuren ƙarshe a Sudan na ci shi, a gonar auduga, ina da cikin fari, fiye da shekara da barin gida. Na ci ina kuka. To shi ne ɗanɗanon da na riƙe. Duk shekarun nan in na ce ta tsohuwa, shi nake nufi."

Ashe ba ƙarya ta yi ba da ta ce ta Zara kamar daga hannun Inna. Tausayinta ya kama ni har ya fi na kaina, muka zauna muka yi kukanmu mu biyu, Su'ad na tsaye da tire ba ta san inda za ta ajiye ba.

Ran da za mu wuce Makka na sake roƙonta, wannan karon ba dabara. Ta riƙe hannuna ta ce, "In na je na zauna gabanta, ta sa aka kawo mini miya, ta ga fuskata ta yi abin da ta yi ran nan fa? Harshena ma bai san gida ba, Auta." Na ce Inna ba miya take son gani ba. Ta ce, "Bari mu ga Hajji mai zuwa, in da rai. Hamza zai duba maganar takardu." Ban san ko alkawari ba ne ko sallama. Ta ba ni dabinon ajwa da baƙin mayafi mai laushi in kai wa Inna. Na bar mata sauran gwangwanayen. Na kuma je na ba Zara haƙuri, na roƙe ta daddawarta guda ɗaya, ta ba ni tana dariya.

Muka yi aikin Hajjinmu lafiya. A Arfa na roƙi abubuwa da yawa, amma wanda na fi maimaitawa kun san shi.

Da muka dawo gida ya cika da 'yan sannu da zuwa, ana rabon dabino da zamzam da tasbaha. Inna ta karɓi mayafinta ta shafa, ta sa a ƙarƙashin matashi, ba ta tambayi komai ba. Ta dai ga mu biyu muka tafi, mu biyu muka dawo. Sai da ƙafa ta ɗauke bayan kwanaki, ina tsince kalwa a gabanta, ta ce, "Kin yi miyar?"

Tun a jirgi na shirya ƙaryata: ta ci, ta yi kuka, ta ce tana nan tafe. Amma Inna ba a yi mata ƙarya, ko da idonta bai gani sosai. Na faɗa mata duka, har haukan da na yi na sa ta a gasa, har abin da Yaya ta ce a gaban mutane, har gonar audugar Sudan. Na ɗauko daddawar Zara na sa mata a hannu na ce ga wadda ta zo ta ɗaya.

Ta shinshina. Ta karya, ta sa ɗan gutsure a harshe, fuskarta ta yamutse. Ta ce, "Ta kwana damina a buhu." Can ta ce, a hankali, "Ashe tattalinta ta yi. Ni na ce kafin su kai Borno ta cinye."

Da na yi sabuwar daddawa ta ce in ware kashi ɗaya, in zuba a tsohon buhun gero, in rataye a ɗakin baya inda rufin ke yoyo, kada in taɓa shi sai damina ta wuce. Na ce, "Inna, tun kakata ba a taɓa jin warin ruɓaɓɓiyar daddawa a gidan nan ba. Me mutane za su ce?" Ta ce, "Ba ta sayarwa ba ce. In baƙuwa ta zo, a ba ta abin da ta sani."

Buhun na nan a rataye, masu tambayar warin da suke ji ta bayan gida ga amsarku. Damina ta wuce a kansa, daddawar ta yi baƙi, ta yi ɗaci, ta zama abin da ni ba zan sa wa sunana ba. Yanzu duk Juma'a Inna ke sa ni in gutsuro mata in yi mata 'yar miya daban da ita. Tana ci da ƙyar, tana kora kowace loma da ruwa. Makon jiya na kasa jurewa na ce ta bari haka nan, ga mai kyau a tukunya. Ta ture hannuna ta ce in bar ta, tana koyo ne, kada waccan ta zo ta ɗaga kai ta ga tana yamutsa fuska.